Yadda Ake Haɗa Samfurin Tankar Tiger a Kan Taragon Jirgin Ƙasa Daidai da Tarihi

Tun da na nuna wa 'yan'uwa masu wannan aikin hannu samfurin da na haɗa na tankar Jamus ta Yaƙin Duniya na Biyu, Tiger I, tana zaune a kan tarago, tambayoyi suka ƙi ƙarewa. Wani ya ce me ya sa sarƙar ƙafarta ta fi wadda aka zana a jikin kwali siranta. Wani ya ce ko mantawa na yi ban saka farantan gefe ba. Ban manta ba. Kafin Tiger ta hau jirgi sai an rage mata kaya, an sauya mata sarƙa, an tokare ta, an ɗaure. Yawancin samfuran da nake gani kuwa, tanka ce da cikakken shirin bakin daga aka ɗauko aka ɗora kan tarago kamar yadda ake ɗora buhu a amalanke, kuma abin yana damuna, domin mutum ya ɓata wata biyu yana aiki mai kyau, kuskure ɗaya ya rushe shi. Ga yadda nake bi, daki-daki, da ma'aunin 1/35.

1. Tsayar da hoto ɗaya da wata ɗaya

Kada ka sayi ko ƙusa kafin ka yi wannan. Nemi hoto na gaske na lokacin yaƙi, wanda ya nuna Tiger a kan tarago, ka buga shi a takarda ka manna a bango gaban teburinka. Sannan ka rubuta wata da shekarar da kake nufi a ƙasansa.

Kamfanin Henschel da ke birnin Kassel a Jamus ya ƙera Tiger I daga Agustan 1942 zuwa Agustan 1944, guda 1,300 da 'yan kai, kuma kusan kowane wata sai an sauya mata wani abu. Waɗannan su ne sauye-sauyen da ido ke saurin kamawa. A Fabrairun 1943 aka bar fentin toka mai duhu aka koma ruwan ƙasa mai ɗorawa. A Yunin 1943 aka daina saka bututun harba hayaƙin ɓuya uku-uku a gefen kan tankar. A Yuli aka sauya rumfar leƙen kwamanda daga doguwa mai kama da ganga zuwa gajera. Wajen ƙarshen Agusta aka fara shafe jikinta da Zimmerit, wato wannan kwaɓi mai zane-zane da aka yi don kada nakiya mai maganaɗisu ta manne. A Oktoba aka bar manyan matatun iska na Feifel da ke baya. A Fabrairun 1944 ƙafafun ƙarfe suka maye gurbin masu bakin roba.

Ni na zaɓi tanka ta Afrilun 1943 da ke kan hanyar zuwa fagen gabas, inda Jamus ke yaƙi da Tarayyar Sobiyet, wata uku kafin gwabzawar Kursk a Rasha, kuma da ita zan yi misali.

Gargaɗi: kada ka dogara da hoton samfurin wani. Idan ya yi kuskure, kai ma ka gaje shi. Ko tankar gidan tarihi sai da lura, don an sha yi musu gyara bayan yaƙi. Duk da haka biyu suna da amfani ƙwarai: Tiger 131 da ke Bovington a Ingila, wadda aka kama a Tunisiya a Afrilun 1943, da ta gidan tarihin Saumur a Faransa, wadda har yau sarƙar tafiya ce a ƙafarta, wato siririyar da ake sa wa tankar don hawa jirgi.

2. Yi lissafin ma'auni a takarda

Raba komai da 35, ka rubuta, ka ajiye kusa da rula.

Sarƙar yaƙi faɗinta milimita 725 ne, a samfuri ta zama 20.7. Sarƙar tafiya milimita 520, a samfuri 14.9. Tankar da shirin yaƙi faɗinta ya kai mita 3.7, wato kusan milimita 106 a teburinka, amma idan an shirya ta don jirgi sai ta dawo wajen mita 3.15, wato milimita 90. Wannan rabin mitar da aka rage ita ce dalilin duk wahalar da sojoji ke sha a tasha: idan kaya ya wuce iyakar faɗin da aka ƙayyade, zai goga bangon ramin dutse, ko dakalin tasha, ko jirgin da ke tahowa a ɗaya layin.

Tazarar dogon Jamus milimita 1,435 ce, a 1/35 ta zama 41. Na Tarayyar Sobiyet a lokacin 1,524 ne, wato 43.5, kuma Jamusawa sun riƙa matso da dogon yankunan da suka mamaye zuwa tasu tazarar don jiragensu su wuce. Saboda haka ko a Rasha ka ajiye labarinka, tarago na Jamus a kan tazarar 41 zai zauna.

Gargaɗi: kada ka haɗa tanka ta 1/35 da dogon jirgin wasa na wani ma'auni. Masu ɗan wuri su ɗauki 1/72, inda tazarar ke kusan milimita 20. Dogon HO da ake samu da sauƙi na 1/87 ne, tazararsa 16.5, kuma a ƙarƙashin tanka ta 1/72 ƙanƙantarsa a fili take.

3. Sayayya da abin da za ta ci

Abubuwa huɗu ne sai an yi odarsu: kwalin tanka, kwalin tarago, sarƙar tafiya, da dogo. Kamfanin Tamiya na da Tiger I ta farkon ƙira mai sauƙin haɗi. Taragon da ya dace shi ne SSyms, mai ƙafafu 12, shida a kowane gefe, wanda ke ɗaukar tan 80. Kamfanin Trumpeter na yin sa a 1/35. Kamfanin Friulmodel ya fitar da sarƙoƙin ƙarfe masu gaɓoɓi ɗaiɗai, MiniArt kuma na da dogo iri biyu, na Turai da na Rasha, don haka ka karanta kwalin da kyau kafin ka biya.

Tiger ta kai tan 57. Akwai taragu masu ƙafafu 8 da ke kama da SSyms a ido, sun fi shi araha, amma na tankoki marasa nauyi ne. Kada araha ta ja ka.

Game da kuɗi, kwalin tanka yakan kama tsakanin dala 40 zuwa 70 a shagunan waje. Taragon sau da yawa ya fi tankar tsada, sarƙar ƙarfe takan kusa kamo kuɗin tankar kanta, sannan kuɗin aikowa na iya cin kwatankwacin kwali guda, domin girman kwali ake caja ba nauyinsa kaɗai ba. Ban saka naira ba saboda canji ba ya zama wuri ɗaya. Shawarata ita ce ku haɗu mutum biyu ko uku ku yi oda lokaci guda, ko ka jira mai dawowa daga tafiya. Fentin gwangwani mai feshi kuwa kada ka sa shi a oda, ba a yarda a ɗauke shi a jirgin sama ba.

Sauran duk suna kasuwa: reza, hantsaki, ƙaramar filaya, sanfefa mai laushi, supa gulu, farin gam na kafintoci, burushi sirara, fensir mai taushi, alli mai launi, guntun filawud, tsinken sakace, sandunan askirim, da tsohuwar wayar lantarki mai silili da yawa.

4. Shimfiɗa dogo tukuna

Taragon ya ɗan haura mita 13, a samfuri kusan santimita 38, don haka yanka filawud mai santimita 50 a tsawo da 20 a faɗi. Ɗaga wurin da dogo zai zauna da kwali mai kauri ko soso mai tauri kamar milimita 10, ka gangarar da gefensa.

Katakon da ke ƙarƙashin dogo tsawonsa wajen mita 2.6 ne, wato milimita 74, tsakanin ɗaya da ɗaya kuma kusan milimita 18 a samfuri. Tsakuwar kada ta wuce milimita 1 zuwa 2. Ni yashin rafi nake tankaɗewa da rariya biyu, in ɗauki na tsakiya, in wanke, in shanya. Zuba shi a bushe, daidaita da burushi har saman katakon ya fito, sannan ka ɗiga farin gam da aka sirka da ruwa da ɗigon sabulun wanke kwano ɗaya don ya ratsa. Bar shi kwana biyu.

Gargaɗi: wanda ya san layin Abuja zuwa Kaduna ya san tazarar 1,435 da idonsa, don ita ce a can, amma kada ya kwaikwayi abin da ke ƙarƙashinsa, na kankare ne na zamani. Tsohon layin da ya ratsa Zariya zuwa Kano kuma tazararsa 1,067 ce, ya fi ƙunci. Naka na katako ne, baƙi-baƙi saboda man da ake jiƙa shi da shi.

5. Haɗa tarago

Fara da rukunin ƙafafun biyu, kowanne mai ƙafafu shida. Kafin gam ya kama, ɗora kowane rukuni a kan dogon da ka riga ka shimfiɗa, ka danna a hankali, ka sunkuya ka duba da tocila daga ɗaya gefen. Idan haske ya ratsa tsakanin ƙafa da dogo, gyara nan take. Tarago mai ɗauke da tan 57 ba ya ɗaga ƙafa.

Doron taragon na katako ne da aka jera a gicciye. Na roban da ke cikin kwali yana yi, in ka karce shi da sanfefa mai kaushi bisa tsawon kowane filanki. Ni na fi son in yanka sandunan askirim in jera, don katako na gaske yana shan fenti yadda roba ba ta iyawa, sai dai ka rage kaurinsu da sanfefa kada doron ya ɗago.

A kowane ƙarshe akwai ƙarafan tokare biyu masu kan faranti, ɗaya shafaffe ɗaya mai ɗan tudu, da ƙugiya da maɗauri mai zare a tsakiya. Haka tsarin Turai yake. Maɗaurin nan mai kama da dunƙulen hannu na jiragen Amurka ne, ba shi da wuri a nan. Sandunan gefe da ake kafawa don tare kaya kuwa ka bar su a kwali, sai in hotonka ya nuna su, domin Tiger ta cika doron daga baki zuwa baki.

Gargaɗi: rubutun jikin taragon na Deutsche Reichsbahn ne, wato hukumar jiragen ƙasan Jamus ta lokacin yaƙi. Duk inda ka ga DB, ka ajiye wannan takardar liƙawa a gefe, sunan bayan yaƙi ne, daga 1949.

6. Rage wa tankar kaya

Nan ne aikin yake, kuma nan ne na taɓa yin asara. A samfurina na farko na bi takardar kwali tiryan-tiryan, na manna dukkan ƙafafu da farantan gefe, na yi fenti, sai da na zo ɗorawa na ga tankar ta leƙo ta kowane gefen tarago da kusan faɗin fensir. Da na zo ɓamɓare ƙafafun waje, biyu suka karye tare da sandunansu. Takardar kwali tankar bakin daga take koya maka, don haka ɗauki jan biro ka soke waɗannan matakan tun kafin ka buɗe gam.

Ƙafafun Tiger a saƙe suke, wasu na shiga tsakanin wasu, a kan sanduna takwas kowane gefe. A tanka mai ƙafafun bakin roba, kamar tawa ta Afrilun 1943, ana kwance layin ƙafafun da ya fi fitowa waje. Idan an cire su, abin da ke bayyana shi ne cibiyar da suke ɗaure a kai, da ramukan noti a kewaye. Wasu kwalaye suna ba da wannan cibiya, wasu ba sa bayarwa. In babu, yanka ɗan bututun roba, ka rufe bakinsa da faifan roba siriri, ka huda ramukan da allura mai zafi kaɗan ko ƙaramin abin huji, kana kallon hotonka kana ƙirgawa. Wanda ya zaɓi tanka mai ƙafafun ƙarfe ta bayan Fabrairun 1944 ya huta da wannan, don an riga an soke layin wajen tun daga masana'anta. Sarƙa kawai zai sauya.

Farantan gefe masu tare laka, huɗu ne a kowane gefe, da noti aka ɗaure su, kuma duk ana kwancewa. Amma 'yan ƙananan ƙarafan da aka yi wa walda a jikin tankar don riƙe su suna nan a jere. Kada ka goge su da sanfefa. Su ne ma shaidar cewa an cire wani abu. Farantan gaba da na baya suna da ɓangaren waje mai maɗauri kamar na ƙofa, ana naɗe shi ciki. Yanka shi da reza a kan layin, ka manna shi a naɗe.

Eriya mai tsawon mita 2 ana sauke ta, sai gindinta ya rage. Bakin igwa ana sa masa hular tamfol, haka ma bindigar gaba. Ƙofofi a rufe in jirgin na tafiya. Kayan da aka kwance, ƙafafu da faranti, tare da tankar suke tafiya, don haka ka tara su a doron taragon gaba ko baya, ko a bayan tankar, yadda hotonka ya nuna.

Akwai wata gaskiya da ya kamata a faɗa: akwai hotunan Tiger a kan tarago da sarƙar yaƙinta, domin idan ana gaggawa kuma an san hanyar ba ta da matsi, sojoji sukan karya dokar. In wannan kake so ka nuna, babu laifi, amma ka riƙe hoton da ya ba ka izini, kuma ko a nan ka duba ko an cire farantan gefe.

7. Sarƙa biyu, ba ɗaya ba

Kowane gefe yana da gaɓoɓi 96. Haɗa sarƙar tafiya gaɓa-gaɓa, ka zagaya da ita. Tiger ba ta da ƙananan ƙafafun da ke riƙe sarƙa ta sama, don haka daga haƙoran gaba sarƙar takan sauko a hankali ta kwanta a kan ƙafafun. Sarƙar ƙarfe da kanta take yin wannan lanƙwasa saboda nauyinta. Ta roba sai ka danne ta da 'yan guntayen soso har gam ya bushe.

Sarƙar yaƙin ba a barin ta a tasha. Ana jan ta a hau da ita kan taragon, ta kwanta a ƙarƙashin cikin tankar, biyu gefe da gefe tsakanin ƙafafu. Kowace gaɓa milimita 130 ce, ka ninka da 96 ka ga ta kai mita 12 da rabi, doron taragon kuwa bai kai mita 12 ba, shi ya sa ake naɗe bakinta a gaba da baya. Ga wata dabara ta rage kashe kuɗi: abin da ke ƙarƙashin tanka ba a gani sosai, don haka sarƙar da ta zo cikin kwali ta isa wannan aiki, ka sayi ta tafiya kaɗai.

8. Fenti

Wanke robar da ruwan sabulu, ta bushe, ka sa fentin share fage siriri. Launin tushe ga tankar bayan Fabrairun 1943 shi ne ruwan ƙasa mai ɗorawa, mai lambar launi RAL 7028. Kore, RAL 6003, da ja mai duhu, RAL 8017, rundunoni ne ke shafa su bayan tanka ta iso hannunsu, haka ma lambobin da ke gefen kanta. To ka tambayi kanka: wannan sabuwa ce daga Kassel, ko tsohuwa ce ake mayarwa wani fage? Sabuwa launi ɗaya ne da ita, da alamar gicciye a gefe, babu lamba, babu laka. Tsohuwa tana da komai, sai dai wurin da aka cire faranti yakan nuna layi mai tsabta ko tarin busasshiyar laka, kuma ƙafafun ciki da suka bayyana ba su sami kore da ja ba, tunda a ɓoye suke lokacin da aka yi shafen. Wannan ɗan bambanci yana ƙawata samfuri fiye da duk wani ado.

Ƙarfen taragon launi mai duhu, doron kuma ruwan toka da ƙasa-ƙasa na tsohon katako.

Gargaɗi: kada ka yi fenti da rana tsaka lokacin zafi, yana bushewa kafin ya kwanta, ya bar kaushi. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Na taɓa barin kan tanka a buɗe na fita sallar la'asar, na dawo na tarar da shi kamar an barbaɗa masa gari. Yanzu da na ajiye burushi nake kifa masa roba, in yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin kafin in fara. Kuma kada ka bar kwali a mota ko bakin taga, rana na lanƙwasa dogon jikin robar taragon, in ya lanƙwashe da wuya ya miƙe.

9. Ɗorawa da ɗauri

Shimfiɗa sarƙar yaƙi tukuna, sannan tanka a kanta. Jikin tankar ne za ka daidaita a tsakiyar taragon don nauyi ya rabu a kan rukunin ƙafafun biyu, ba tsawonta da igwa ba. Auna gefe da gefe da rula, kada bambanci ya kai milimita ɗaya. Huda ƙasan sarƙa da doro, ka sa guntun waya a ɓoye ya riƙe ta.

Sai waigi. A gaban kowace sarƙa da bayanta akwai gungumen katako da aka fafe ya shiga ƙarƙashin lanƙwasar sarƙar, an kafe shi a doro da manyan ƙusoshi. Yanka su daga katako mai kaurin milimita 5 ko 6, kuma su taɓa sarƙar sosai. Waigin da ya bar rata ba ya tare komai. Ɗiga baƙin fenti da bakin tsinke a matsayin kan ƙusa.

In hotonka ya nuna ɗauri, daga zoben ja na gaba da na baya yake tashi zuwa zoben taragon, sau da yawa a gicciye. Don igiyar ƙarfe, zare silili huɗu ko biyar daga wayar lantarki, ka murɗa su tare, ka gasa a wutar kyandir su yi laushi su yi duhu. Sarƙar wuya ta 'yan koli tana yi in gaɓoɓinta ƙanana ne ƙwarai, amma sai ka baƙanta ta. Ko wanne ka sa, ya miƙe tsam. Ɗauri mai lilo shi ne kuskuren da na fi gani bayan na sarƙa.

Tamfol kuwa takardar tishu ce marar zane, a jiƙa ta da farin gam mai ruwa, a lulluɓa, a gyara naɗin da burushi mai laushi, ta bushe a yi mata fenti.

Gargaɗi: in kana da niyyar yin jerin taragu, kada ka jera Tiger biyu ɗaya na bin ɗaya. A lokacin yaƙin akan sa taragu marasa nauyi a tsakaninsu saboda gadoji.

10. Tsufa, ƙura da duban ƙarshe

Kankare alli mai ruwan ƙasa da baƙi da ja ya zama gari, ka shafa da busasshen burushi. Sarƙar yaƙi ta sha hanya, don haka laka a ramukanta, ƙyalli a inda take taka ƙasa. Goga fensir a wurin. Sarƙar tafiya ba ta yin nisa, daga filin tasha ne zuwa kan tarago, don haka 'yar tsatsa ce da ita, laka kaɗan. A doron katako ka ja sawun sarƙa daga ƙarshen da tankar ta hau, tunda ta bakin tarago take hawa daga dakali, ka fasa gefen filanki biyu ko uku da reza. Saman dogo da cikin ƙafafun tarago su yi ƙyalli da fensir, gefensu tsatsa mai duhu, farantan tokare kuma baƙin giris a tsakiya.

In za ka sa mutane, su zama na tafiya: zaune a doro, da bargo, da kwanon abinci, da ma'aikacin jirgi riƙe da fitila yana duba maɗauri. Kwamanda mai nuna abokan gaba da yatsa ba na wannan wurin ba ne.

Daga nan ka ajiye samfurin daidai tsayin idonka, ka ɗauke shi hoto da waya daga kusurwar da aka ɗauki hoton da ke bangonka, ka mayar da shi baƙi da fari, ka jera su biyu. Bi su daga ƙasa zuwa sama: dogo, ƙafafun tarago, rubutu, waigi, sarƙa, cibiyoyi, ƙarafan faranti, rumfar kwamanda, hular igwa. Duk abin da ke ɗaya babu shi a ɗaya, sa masa alama da biro, ka gyara kafin ka fesa ruwan kariya marar ƙyalli, don bayan shi garin alli ba ya gogewa. In ya bushe, yi masa akwatin gilashi ko na roba mai haske, ka liƙa 'yar takarda a gindin filawud ɗin mai ɗauke da sunan tankar, irin taragon, da wata da shekarar da ka rubuta a mataki na farko.